Darasi a Kan Cinikin Tsohon Idon Kyamara na Makro

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan kasuwa da dillalai, darasinmu na wannan fitowa a kan wata haja ce ƙarama a hannu, amma tana iya cinye jarin mutum idan ya shige ta da ka. Ita ce tsohon idon kyamara irin na makro, wanda ake juya saitinsa da hannu. Idon kyamara shi ne gwangwanin nan mai gilasai da ake ɗaurawa a gaban kyamara, ana kuma cire shi a sa wani. Na makro kuwa shi ne wanda aka ƙera musamman domin ɗaukar hoton ƙaramin abu daga kusa, kamar ƙwayar riɗi, ko silin zare, ko ramin gashi a jikin fata. Abin da darasin zai tsaya a kai shi ne, kuɗin wannan haja yana cikin abu uku: gaskiyar makron, da mazaunin idon, da lafiyar gilashinsa. Wanda ya iya duba ukun nan, ya kuma faɗa wa mai saye abin da ya gani, shi ne mai cin riba a cikinta.

Fasali na farko: su wa ke sayensa a Kano

Ka sani, ya ɗan'uwa, masu hoton biki da suna ba su ne manyan masu neman wannan ido ba. Masu nemansa su ne waɗanda kuɗinsu ke rataye a kan ƙaramin aibi. Na farko masu fata da ƙirgi. Majemu na zamani suna Calawa da Sharaɗa da Bompai, kuma fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi ta daɗe da yin suna a Turai. Darajar fata tana hawa tana sauka da abin da ke fuskarta: cizon kaska, tabon ƙazuwa, kirci, karcen ƙaya, yankan wuƙar mafiyi. Idan mai saye yana Italiya ko Sin, mai kaya yana Calawa, sai gardama ta tashi a kan daraja, hoto mai kaifi shi ke raba ta.

Na biyu masu yadi da shadda da atamfa na Kantin Kwari, waɗanda ke son a ƙirga zaren tsaye da na kwance a cikin inci ɗaya, a bambance saƙa mai kauri da wadda aka cika da sitaci. Na uku masu fitar da riɗi da zoɓo da ƙaro daga Dawanau, masu aika hoton samfuri kafin a yi magana. Sai maƙeran zinariya, da likitocin haƙori, da masu gyaran waya na Farm Centre. Duk waɗannan suna ɗaukar abin da ke ajiye a kan tebur, ba ya motsi. Shi ya sa ido mai saitin hannu yake isarsu, ba su bukatar sabo mai saita kansa mai ninkin kuɗi.

Amma fa a lura, kasuwar siririya ce. Wanda bukatarsa ita ce ya tura hoto ta WhatsApp kawai, galibi wayarsa ta ishe shi. Don haka wannan ba hajar da ake sari da yawa a jibge ba ce. Ana sayenta ɗaya ɗaya, in so samu ne da mai saye a hannu.

Fasali na biyu: dalilin da tsohon kaya ya sake daraja

Yawancin waɗannan idanu an ƙera su a Japan tsakanin shekarun 1960 da 1980 da 'yan kai, lokacin kyamarar fim. A 1985 kamfanin Minolta ya fito da kyamara mai saita kanta wadda ta karɓu a duniya, a 1987 kuma Canon ya watsar da tsohon mazauninsa na FD ya koma sabo mai suna EF. Da kyamarar dijital ta kori fim bayan shekara ta 2000, sai tsofaffin idanu suka zama kwantai, aka zuba su cikin akwatuna.

Abin da ya tashe su shi ne kyamara marar madubi a ciki. Panasonic ya fara fito da ita a 2008, Sony ya biyo a 2010, sannan ya kawo A7 a 2013, Nikon da Canon suka kawo nasu manya a 2018. Irin wannan kyamara jikinta siriri ne, saboda haka da zoben ƙarfe mai araha da ake kira adafta, kusan kowane tsohon ido yana hawa kanta ya yi aiki. Nan take abin da ake zubarwa a gwanjo ya koma abin nema. A nan gida ana samunsa a hannun tsofaffin masu ɗakin hoto da magadansu, da cikin kayan gwanjo masu shigowa ta Legas da Kwatano, da kuma wajen masu yin oda ta intanet.

Fasali na uku: makro na gaskiya da makro na suna

Wannan shi ne ramin farko da baƙon haja ke faɗawa. Akwai idanu da yawa masu zuƙowa, irin masu lamba 70-210 ko 28-80, an rubuta musu kalmar makro a jiki, alhali galibinsu ba sa wuce ɗaya bisa huɗu. Makro na gaskiya galibi lambarsa ɗaya ce tak, kamar 50 ko 55 ko 90 ko 100 ko 105, kuma a jikinsa za ka ga an jera 1:10, 1:4, 1:2, wani har 1:1.

Ma'anar 1:1 ita ce, abu yana sauka a kan allon kyamara daidai da girmansa na zahiri. Ma'anar 1:2 kuwa yana sauka da rabin girmansa. Gwajinsa ba wuya. Ka ɗaura idon, ka murɗa zoben saiti har ƙarshen kusa, ka matso da rula har ta fito sarai. A kyamara mai cikakken allo, wanda faɗinsa milimita 36 ne kamar na fim, idan milimita 36 ta cika hoton daga gefe zuwa gefe, to 1:1 ne. Idan 72 ce, 1:2 ne. A kyamara mai ƙaramin allo kuwa za ka ga kusan 23 ko 47. Gani ya kori ji.

Ga sunayen da ya kamata dillali ya riƙe a ka:

Micro-Nikkor 55 mai 3.5, da Micro-Nikkor 55 mai 2.8, da Micro-Nikkor 105, na kamfanin Nikon. Su kaɗai suna kai 1:2. Na 55 yana kai 1:1 idan an ƙara masa zoben PK-13.

Canon FD 50 mai 3.5 da FD 100 mai 4. Su ma 1:2 ne, sai da zoben ƙari suke cika.

Zuiko 50 mai 3.5 na Olympus, da MD 50 mai 3.5 na Minolta, da Macro-Takumar 50 mai 4 na Pentax.

Tamron SP 90 mai 2.5, wanda ya fito a 1979. Fa'idarsa ita ce mazauninsa cirewa ake yi a sa wani, sunan tsarin Adaptall-2. Kada ka saye shi tsirara ba mazauni, sai an rage maka kuɗin mazaunin.

Kiron 105 mai 2.8, wanda ke kai 1:1 shi kaɗai ba ƙari. An sayar da shi kuma da sunan Lester A. Dine ga likitocin haƙori a Amurka, don haka wanda ya ga wannan suna kada ya raina.

Vivitar kuwa ba ya ƙera ido da kansa, ba da kwangila yake yi. Lamba biyu na farkon lambar jiki su ke nuna maƙerin: 22 Kiron, 28 Komine, 37 Tokina.

Tanbihi: ido mai 90 zuwa 105 ya fi mai 50 ko 55 kuɗi, don yana barin tazara tsakaninsa da abin da ake ɗauka, haske ya samu hanyar shiga. Mai 55 idan ya kai maƙura yana kusan taɓa kayan, inuwarsa ta rufe su. Kuma duk idon da ya zo tare da zoben ƙarinsa na asali, da murfinsa na gaba da na baya, ya fi wanda ya zo shi kaɗai.

Fasali na huɗu: mazauni

Mazauni shi ne bakin ƙarfen da ke bayan ido, inda yake kama kyamara. Kowane kamfani da nasa, kuma kowane da tazarar da ya ajiye tsakanin mazauni da allo. Nikon F, wanda aka fara a 1959, milimita 46.5. Olympus OM 46. Pentax K na 1975 da M42 mai zare, 45 da rabi. Canon EF 44. Minolta MD 43.5. Canon FD 42. Marasa madubi kuwa gajeru ne: Canon RF 20, Sony E 18, Nikon Z 16.

Ƙa'idar ita ce: ido mai doguwar tazara yana hawa kyamara mai gajeriyar tazara da adafta ta ƙarfe zalla, amma akasin haka ba ya yiwuwa lafiya. Ke nan idon Nikon ko Olympus ko M42 yana hawa Canon EF ba matsala. Idon FD ko MD a kan Canon EF ko Nikon mai madubi, ko dai a sa adafta mai gilashi wadda ke rage kaifin hoto, ko a sa marar gilashi ya ga na kusa kawai, na nesa ya ɓace. Ga mai ɗaukar fata a kan tebur wannan na biyu yana iya isarsa, amma wajibi ne a faɗa masa tun kafin ya biya.

Akwai kuma wata mas'ala a Nikon. A 1977 ya canja tsarin zoben haskensa zuwa wanda ake kira AI. Idon da ya riga wannan shekara, idan aka tilasta shi a kan kyamarori irin D7000 ko D750, yana iya karya ɗan harshen da ke bakin kyamarar, gyara ya fi kuɗin idon. Alamar AI ita ce layin ƙananan lambobi na biyu a gefen zoben haske, da huji a jikin 'yan kunnuwan ƙarfen da ke samansa. A kan ƙananan Nikon irin D3000 da D5000 kuwa, idon hannu yana hawa, amma kyamarar ba ta auna masa haske, sai mai hoto ya ƙiyasta da kansa. Saboda haka tambayar farko ga mai saye ita ce: Alhaji, wace kyamara ce a hannunka?

Fasali na biyar: yadda ake duba lafiyar ido

Kada ka duba a cikin duhun shago, kada kuma ka yarda da ƙyallin waje. Ka cire murfi biyu, ka buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, ka haska tocilar waya ta baya a karkace, kana leƙawa ta gaba, sannan ka juya. A cikin gwangwanin nan akwai gilasai da dama, kowane yana iya ɗauke da cuta.

Ƙura. 'Yan ɗigo ɗigo ba sa ɓata hoto, kuma ba tsohon idon da ba shi da su. Ba dalilin fasa ciniki ba ne.

Fumfuna. Tana kama da yanar gizo ko saiwar ciyawa, galibi tana farawa daga gefe. Danshi da duhu ke kawo ta. Idan sabuwa ce ana wanke ta. Idan ta daɗe, tana cin shafen da ke kan gilashi, ko an wanke tabon yana nan har abada.

Hazo. Gilashi ya yi fari fari kamar sararin hunturu. Yawanci tururin man cikin idon ne ya kwanta. Yana kashe kaifin hoto fiye da karce. Wani yana goguwa, wani yana tsakanin gilasai biyu da aka manne, ba ya fita.

Rabuwar gam. Za ka ga launin bakan gizo ko kumfa a gefen gilashi. Wannan gyaransa ya fi ƙarfin kuɗin idon, a bar shi.

Karce. Ƙarami a gilashin gaba da sauƙi. A gilashin baya kuwa aibi ne babba, don shi ne mafi kusa da allo.

Mai a ganyen ƙofar haske. Ka rufe ƙofar zuwa 16 ko 22, ka dubi ganyayen. Su kasance a bushe. Ka taɓa ɗan maɓallin da ke baya, su buɗe su rufe farat ɗaya. Idan suna sheƙi ko suna jan jiki, giris ya narke ya sauko musu. Micro-Nikkor 55 mai 2.8 ya yi suna da wannan cuta, zafin bazarar Kano kuma yana ƙara ta.

Zoben saiti. Ka murɗa daga farko har ƙarshe. Ya tafi sumul, ba ƙara, ba cijewa, ba lilo. Idan kana jin kamar yashi, ƙurar hunturu ta shiga cikin giris.

Alamar faɗuwa da ta buɗewa. Lotsawa a bakin gaba tana nuna ya taɓa faɗuwa, gilasai na iya gocewa. Kan noti da ya cinye yana nuna wani ya taɓa buɗe shi. Gwajin gocewa shi ne ka shimfiɗa takardar jarida, ka ɗauke ta daga sama a miƙe, ka duba kusurwa huɗu. Idan uku sun fito ɗaya ta dushe, akwai magana.

Sai dai kada ka ɗora wa ido laifin da ba nasa ba. A 1:1, ko an rufe ƙofar haske zuwa 8, kaurin abin da ke fitowa sarai bai wuce kusan milimita ɗaya ba, kuma hasken da ake bukata ya ninka sau huɗu. Wannan ɗabi'ar makro ce duka, sabo da tsoho. Ka koya wa mai saye ya kafa kyamara a kan ƙafa uku, ya ƙara fitila, don kada ya dawo maka da lafiyayyen kaya yana cewa ba ya gani.

Fasali na shida: yadda ake sa kuɗi

Wannan haja dala take bi. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Tun da aka kawo gwanjon kuɗin waje a Satumba 1986 take sauka, aka sake ta ga kasuwa a Yuni 2023, a 2024 dala ta haura naira 1,500. Don haka farashin bara ba hujja ba ne a bana. Hanyar da ta fi ita ce ka duba a eBay nawa aka sayar da irinsa a 'yan makonnin nan, wato wanda ciniki ya faɗa. Kuɗin da mai kaya ya sa yana jira ba shi ne farashi ba. Sai ka juya zuwa naira da canjin ranar, ka tuna wanda zai yi oda daga waje zai biya kuɗin jirgi da na kwastan, kai kuwa kayanka ga shi a hannu ana gani.

Ka raba kaya daraja uku. Na ɗaya, gilashi garau, ganye a bushe, saiti sumul: kuɗinsa cikakke. Na biyu, mai cutar da ke gyaruwa, kamar mai a ganye ko sabuwar fumfuna: ka tambayi mai gyara kuɗin aikinsa tukuna, ka cire shi daga tayinka, ka ƙara cire wani abu saboda kasada. Na uku, mai rabuwar gam ko tabon fumfuna ko gocewa: kuɗin kayan gyara kawai.

Alal misali, mu ƙaddara ka sayi ido naira 60,000. Adafta 12,000, wanki wajen mai gyara 8,000, zirga-zirga 2,000. Uwar kuɗi ta zama 82,000. Ka sayar 100,000, ka ba dillali la'adarsa 5,000, ribarka 13,000. To, idan idon ya kwana wata shida a shago, dala kuma ta hau da kashi ɗaya cikin goma, maye gurbin kayan zai ci kusan 90,000, ribar ta koma 5,000. Wannan shi ne haɗarin haja mai jinkirin fita. Kuma kada ka sayi kwali a rufe don an ce maka akwai idanu goma a ciki. Ba a cinikin biri a sama.

Fasali na bakwai: ajiya

Shekarar Kano tana da maƙiya uku ga wannan kaya. Marka, wato Yuli zuwa Satumba, lokacin fumfuna ke nan. Hunturu lokacin ƙura. Bazara lokacin narkewar giris. Kada ka ajiye ido cikin jakar fatarsa ta asali, don fata tana riƙe danshi. Ka sa shi cikin roba mai rufuwa ƙam, tare da 'yan ƙunshin silika irin waɗanda ake samu a kwalin takalmi, kana shanya su a kai a kai. Ka raba mai fumfuna da lafiyayye. Kada ka bar shi cikin mota a rana. Masu aiki a majema su fitar da shi daga ɗakin jiƙo da zarar an gama hoto, don tururin nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai yana dusashe tagulla da azurfa. Ƙura kuwa a hure ta da famfon roba tukuna kafin a goge. Wanda ya goge gilashi da bakin riga a hunturu, yashi ya goga masa.

Fasali na takwas: amanar dillali

Aibin wannan haja ɓoyayye ne, mai saye ba ya ganinsa sai an nuna masa. A nan ne tsoron Allah yake aiki. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a babin ciniki na Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, sun bayyana cewa algus da ɓoye aibi ba su halatta, kuma wanda ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa. Haka nan haramun ne dillali ya sa wani ya riƙa ƙara tayi alhali ba saye zai yi ba, don a ruɗi mai saye.

Saboda haka ka haska tocila a gaban mai saye, ka ce: ga ƙura nan, ga ɗan hazo nan, an taɓa wanke shi, iyakarsa 1:2. Ka bar shi ya ɗaura a kyamararsa ya gwada da nasa kayan. Ku rubuta lambar jikin idon a rasit, tare da aibin da aka faɗa, da kwanakin da aka yarda na mayarwa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ba zai dawo da ƙara ba. Wajen saye kuma ka tambayi asalin kaya, ka rubuta sunan wanda ya kawo, don kayan hoto suna cikin abin da ɓarayi ke so. Idan magada ne suka kawo akwatin mahaifinsu ba su san darajarsa ba, ka gaya musu gaskiyar abin da ke ciki, ka ci riba ta hankali. Masu sayen wannan haja a Kano 'yan kaɗan ne kuma sun san juna. Mai fata ɗaya da ka cuta a Calawa, kafin Juma'a labari ya kai Bompai.

Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya ba mu halal mai yalwa, ya kiyashe mu da asara da cin haƙƙin wani. Amin. Wallahu a'alamu. Tammat bi hamdillahi.